Huang Gai, Barden Gidan Sun



Yau ƙasar Sin zan kai ku, ƙarshen daular Han, lokacin da sarki ya zama sarki a suna kawai, duk mai dakaru ya yanki ƙasa ya riƙe. A cikin wannan ruɗani Huang Gai ya tashi, maraya daga Lingling, cikin lardin Hunan na yau. Da ɗaukar itace ya girma, in ya sami sarari ya koyi karatu da dabarun yaƙi.

Ubangidan da ya fara bi shi ne Sun Jian, ɗaya daga cikin masu dakarun nan. Da aka kashe shi wajen shekara ta 191, sai ya bi ɗansa Sun Ce. Shi ma ya rasu a 200, ya koma ƙarƙashin ƙanensa Sun Quan, yaron da bai cika shekara 20 ba. A zamanin da sauya ubangida ba abin kunya ba ne, shi bai taɓa barin gidan nan ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin girmansa.

Sai hunturun 208, yaƙin Chibi a kogin Yangtze. Cao Cao ya gangaro daga arewa da rundunar da ta ninka ta gidan Sun. Huang Gai ya lura jiragen ruwan maƙiya a cunkushe suke, goshin wannan a gindin wancan, sai ya shawarci babban kwamanda Zhou Yu a sa musu wuta. Ya aika wa Cao Cao takardar mubaya'a ta yaudara, ya loda jirage da busasshiyar ciyawa da itace, aka zuba mai, aka lulluɓe da ƙyalle. Mutanen Cao Cao suka fito suna kallon mai miƙa wuya. Da aka matso aka cinna, iska ta kwashi wutar har sansanin da ke bakin gaɓa.

Labarin da ya bazu cewa Zhou Yu ya sa an yi wa Huang Gai bulala don Cao Cao ya gaskata, ƙagaggen labari ne na marubuci Luo Guanzhong, ba ya cikin tarihin da Chen Shou ya rubuta. Abin da tsofaffin littattafai suka adana ya fi taɓa zuciyata. A yaƙin na Chibi kibiya ta sami Huang Gai, ya faɗa ruwan sanyi, mutanensa suka tsamo shi ba su gane shi ba, suka ajiye shi a makewayi. Da kyar ya kira sunan Han Dang, tsohon abokin gwagwarmayarsa tun zamanin Sun Jian. Han Dang ya gane muryar, ya zo yana hawaye ya sauya masa tufafi.

Daga baya aka ba Huang Gai riƙon yankin Wuling, da soja 500 kacal. Da 'yan tawaye suka auko, ya buɗe ƙofar gari, rabinsu suka shiga, sannan ya far musu. Bayan fafatawar, shugabannin ya kashe, mabiya ya yafe musu. A bakin aiki rashin lafiya ta ɗauke shi, mutanen ƙasar suka zana hotonsa suna girmama shi kowane lokaci na shekara.