Aikin Sa Kai da Amanar Na'ura



A ranar 12 ga Janairu 2010, lokacin da girgizar ƙasa ta rusa babban birnin Haiti, alhali masu kai agaji ba su da ingantacciyar taswirar da za ta shiryar da su cikin unguwanni, sai ɗaruruwan ma'abota ilmin kwamfuta, kowa daga ƙasarsa kuma ba don lada ba, suka duƙufa kan hotunan tauraron ɗan'adam har suka zana titunan birnin a taswirar intanet ta OpenStreetMap cikin 'yan kwanaki. Ɗaliban Jami'ar Tufts ta Amurka kuwa suka ɗauki Ushahidi, manhajar da 'yan Kenya suka ƙaga a rikicin bayan zaɓe na 2008, suna jera saƙonnin neman ceto da ake turowa ta lamba 4636. Babu mai hankalin da zai raina wannan himma.

Amma fa himmar ranar masifa daban, ɗawainiyar shekara ta uku daban. Wanda ya ba da lokacinsa fisabilillahi, ba a iya tsare shi da wa'adi, ba a iya tuhumarsa idan ya makara. Ran da ya sami sabon aiki, ko aka yi masa haihuwa, sai ya tafi da mabuɗan sirri da fahimtar tsarin da ya gina duk a cikin kansa, domin ƙirƙirar sabon abu tana da daɗi, rubuta bayaninsa ga wanda zai gada kuwa gajiya ce tsantsa. Ƙungiyar da ta zuba sunayen marayu ko bayanan marasa lafiya a cikin wannan tsari sai ta wayi gari da amanar da ba ta iya buɗewa, balle ta tsare ta.

Kada a zaci ƙananan ƙungiyoyi kaɗai wannan ke samu. A Afrilun 2014, da aka gano ɓarakar da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, wadda bankuna da gwamnatoci suka dogara da ita wajen ɓoye sirrin mu'amala, sai ta bayyana cewa mutane ƙalilan ne ke riƙe da ita, kuma gudummawar da suke samu a shekara kimanin dala 2,000 ce. Sai bayan abin ya auku manyan kamfanoni suka buɗe bakin aljihu.

Ni a ganina fiƙihu ya riga mu warware wannan mas'ala. Cikin jinsuna 8 da Suratut Tauba ta ƙayyade wa zakka akwai ma'aikatan da ke tattara ta, kuma malamai sun halatta a ba su ko da mawadata ne, saboda ijara ce a kan aiki. Haka kuma nazirin waƙafi yana da hakki daga abin da waƙafin ya samar. Saboda haka duk ƙungiyar da za ta karɓi manhaja kyauta, ya kamata tun kafin a fara ta ware albashin mai kula da ita, ta kuma sharɗanta cewa mabuɗan da rubutaccen bayani su zauna a hannun amintattunta.