Yatsun Ɗanmaraya a Tsohon Bidiyo

 Duk wanda tsohon bidiyon Ɗanmaraya Jos ya faɗo wayarsa, ya dubi yatsun mutumin da kyau. Kuntigin da yake kaɗawa tsirkiya ɗaya gare shi, amma ji yadda yake amsa masa waƙa. Muryarsa kam tana cikin kaset, sai dai kaset ba ya nuna wa yaro yadda ake riƙon kuntigin. Amurkawa har yau nema suke, ba su samu fim ko ɗaya na Robert Johnson ba, gwanin jitarsu da ya rasu a 1938. Namu Ɗanmaraya ya kai 2015, kyamara ta ɗauke shi sosai. Zafi da ƙura ne ke cin tsofaffin kaset ɗin bidiyo. Mai su a adaka ya fito da su a juye a kwamfuta.