Bishiyar Turare: Mai Jimiri Ma Yana Bukatar Ruwa

Yau za mu yi magana a kan wata bishiya wadda yawancinmu mun sha zama a inuwarta, wato bishiyar turare, wadda waɗansu ke kira zaiti. Muna ganinta a bakin hanya, da filin makaranta, da kuma dogayen layukan itatuwa da aka dasa a jihohin Kano, Jigawa da Katsina domin tare iskar hamada. Mun saba da ita har mun ɗauka 'yar gida ce. Amma baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Ostireliya, can ne take tsirowa da kanta ba mai dasawa.

Irin turare ya fi 700, amma wanda aka fi dasawa a wajenmu shi ne wanda masana suke kira Eucalyptus camaldulensis. An raɗa masa wannan suna a shekara ta 1832, daga wata bishiya da ta girma a wani lambu kusa da birnin Naples na ƙasar Italiya. A Ostireliya babu irin turaren da ya kai shi yaɗuwa. A wurare da yawa inda kogi ya bi, ko kogin da yakan ƙafe shekara da shekaru, za a tarar da shi tsaye a gaɓa. Yakan kai tsawon mita 45, yakan kuma rayu shekara ɗaruruwa.

Me ya ba ta wannan jimiri? Bari mu duba. Ganyenta ba ya shimfiɗuwa ya fuskanci rana, sai dai ya rataya ƙasa, saboda haka zafin tsakar rana ba ya dukansa sosai. In fari ya tsananta, sai ta zubar da wani kashi na ganyen domin ta rage shan ruwa. Saiwarta kuwa takan nutsa can ƙasa ta nemi laimar da ido ba ya gani. Itacenta ja ne, mai nauyi, gara ba ta cinsa da sauƙi. Shi ya sa aka yi ta sararsa ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da shi, ana kafa shinge. Mutanen asali na ƙasar sukan yanki ɓawonta su yi kwalekwale, bishiyar kuwa ba ta mutuwa, sai ta ci gaba da girma da tabon a jikinta. Har yau akwai waɗanda suke tsaye da wannan tabo.

In ta tsufa, fiye da shekara 100, takan yi kogo, aku da jemagu su sami wurin kwana. A garin Springton, a kudancin ƙasar, akwai wata mai babban kogo wadda wani baƙo daga Jamus, Friedrich Herbig, ya zauna a cikinta tun daga 1855. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya'ya biyu, duk suna cikin kogon, kafin su tashi a 1860.

To, mai jin wannan zai ce, ai wannan bishiya ba ta bukatar kome. A nan ne kuskuren yake.

A gefen Kogin Murray akwai dajin Barmah da Millewa, wanda shi ne dajin wannan bishiya mafi girma a duniya. Rayuwar dajin ta dogara ga ambaliya. Kogin yakan cika ya malala cikin itatuwa, ya yi watanni, sa'an nan ya janye. A lokacin ne ƙasa take ƙoshi da ruwan da bishiyar za ta riƙa sha a shekarun fari. A kan laimar da ambaliya ta bari ne kuma ƙananan 'ya'yanta suke tsirowa. Amma mutane suka gina madatsun ruwa, kamar ta Hume da aka gama a 1936, suka karkatar da ruwa zuwa gonaki. Ambaliya ta ragu. Ba wanda ya damu ƙwarai, gama itatuwan suna nan tsaye kamar kullum.

Sai babban fari ya zo, daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa 2009. Itatuwa masu yawa a bakin kogin, waɗanda suka ga fari iri iri tun zamanin kakanni, suka fara bushewa daga sama, waɗansu suka mutu a tsaye. Ba farin kaɗai ya kashe su ba. An daɗe ana hana su rabonsu na ruwa, domin an ga ba sa kuka. Da ruwa ya komo a 2010, da yawa suka sake toho, amma wanda ya mutu ya riga ya mutu. Yanzu hukuma takan ware wani kaso na ruwa musamman ta sake shi cikin daji.

Akwai wani hali kuma na wannan bishiya. Takan saki babban reshe ba zato, ko da ba iska, ba hadari. Saboda haka ake gargaɗin mutane kada su kwana a ƙarƙashinta. Daga waje lafiya lau, amma nauyin ya daɗe yana ciki.

'Yan'uwa, ashe ba mu da irin waɗannan mutane a cikinmu? Akwai gwauruwar da take ciyar da 'ya'ya biyar, ba ta taɓa roƙon kowa ba. Akwai babban wa wanda kuɗin makarantar ƙannensa duka yake wuyansa. Akwai dattijuwar da kowa yake kai mata damuwarsa, ita kuwa ba mai tambayar tata. Muna zama a inuwarsu, muna fakewa a kogonsu, muna cewa, ai wance jaruma ce, ai wane ba ya gajiya. Ran da reshe ya karye kuma, sai mu riƙe baki muna mamaki.

Kada mu jira sai sun yi kuka, gama irinsu ba sa yi. Cikin makon nan, bari kowannenmu ya tuna da mutum ɗaya wanda ya daɗe yana jingina a jikinsa. Mu taka mu je gidansa. Mu zauna, mu tambaye shi lafiyarsa da gaske, mu saurara. In da mudun hatsi, mu riƙa. In babu, zuwan ma ruwa ne.

Ku kuma masu ɗauke da nauyi shiru, faɗar gajiya ba abin kunya ba ne. Bishiyar da ta fi kowace jimiri ma sai kogi ya zo mata.

Allah ya buɗe idanunmu mu ga masu ƙishi a cikinmu, ya kuma ƙarfafa waɗanda suka gaji. Amin.