Jawabi a Kan Jaridun Ba'a na Zamanin Da

Yau muna so mu tuna da waɗansu jaridu na ƙasashen Turai waɗanda aikinsu shi ne yi wa manya ba'a da zane. Yawancinsu sun mutu, amma ba mu manta da su ba, domin sun faɗi abin da talaka ke jin tsoron faɗi.

Mu fara da Faransa. Cikin 1830 wani mutum, Sharl Filifon, ya kafa jarida a Paris mai suna La Caricature, a shekarar da Sarki Luwi Filib ya hau gado. Cikin 1831 aka kai shi gaban alƙali, wai ya ci mutuncin sarki. Nan cikin ɗakin shari'a ya yi zane huɗu. Na fari fuskar sarki ce sosai, sa'an nan kowane zane ya ɗan sake kama kaɗan, har na huɗun ya zama wani ɗan itace na ƙasarsu mai ƙirar gora, sama tsuke, ƙasa faɗi. Hujjarsa ita ce, in kama da sarki laifi ce, to, sai a ɗaure ɗan itacen ma. Duk da haka aka yanke masa wata shida da tara. Amma me ya biyo baya? Mutanen birni suka dinga zana ɗan itacen nan a jikin bangaye.

Mai zanensa Onore Domiye shi ma ya sha ɗauri cikin 1832, don ya zana sarki zaune da ƙaton ciki, ana ta ɗura masa jakunkunan kuɗin talakawa a baki. Lalle mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Cikin 1835 aka yi doka, ba a buga zane sai da iznin hukuma, jaridar ta mutu. Shekara 13 bayan haka, watau 1848, jama'a suka tashi, sarkin ya gudu Ingila.

A Ingila kuwa an kafa Punch cikin 1841. Ta rayu har 1992, aka tashe ta cikin 1996, ta sake faɗuwa cikin 2002. Ita ba kurkuku ya kashe ta ba, masu saye ne suka ja baya.

Ta uku ita ce Simplicissimus ta birnin Munik a Jamus, wadda aka fara cikin 1896. Aka ɗaure mai zanenta da wani marubucinta saboda sun taɓa Sarki Wilhem na 2 cikin 1898, sai ma cinikinta ya ƙaru. Amma da Hitila ya karɓi mulki cikin 1933 sai ta yi mubaya'a, ta koma yi wa abokan gābansa ba'a, har ta ƙare cikin 1944. Wannan ita ce mutuwar da ta fi ba mu baƙin ciki.

To, jama'a, ku duba. Ɗaya doka ta kashe ta, ɗaya kasuwa, ɗaya tsoro. Ta farin ce kaɗai ta mutu da mutuncinta cikakke. Duk mai mulkin da ba ya iya jure dariyar talakansa, ku tambaye shi abin da ya ke ɓoyewa. Mu kuma masu karatu, in muka ga irin jaridun nan, mu saya tun suna da rai. Wassalam.