Makaman Ƙasashen Waje Da Zaman Lafiyarmu



Batun cinikin makamai ba labarin nesa ba ne gare mu. A filin jirgin saman Kano ne aka sauke jiragen yaƙi ƙirar MiG na Tarayyar Sobiyet cikin watan Agusta 1967, bayan da Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin Yakubu Gowon makamai, Ingila kuma ta hana jirage. Duk da haka Ingila ta aiko da motocin sulke da harsasai, tana duban man fetur ɗin Shell-BP. Faransa kuwa ta riƙa tura wa Biyafara nata ta hanyar Gabon. Kowanensu amfanin kansa ya duba, mu kuma muka binne gawawwaki har zuwa Janairu 1970.

Abin da ya fi damunmu shi ne bindiga ba ta tsayawa inda aka sayar da ita. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, an fasa rumbunan makaman Libiya, suka bazu Mali da Nijar. A 2025 'yan bindiga suka kai hari Shanono da Tsanyawa, kuma manomin Makoɗa ya san ba su yi nisa da gonarsa ba.

Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2013. To, amma takarda ba ta tsare iyaka. Wasunmu za su shiga aikin kwastan, wasu majalisa. Can ne muke bukatar masu tambaya: bindiga nawa ta shigo, kuma a hannun wa take yau?