Siminti a Ƙashin Baya: Daga Ina Sauƙin Yake Zuwa?

 

Zan fara da abin da gidaje da yawa suka gani. Tsohuwa ta sunkuya za ta ɗauki buta, ko tari ya sarƙe ta, sai ta ji bayanta ya amsa. Daga ranar ba ta iya juyawa a kan gado sai an kama ta, sallah ma sai a zaune. Jikoki su ce sanyi ne, 'ya'ya su ce girma ne ya zo. Bayan shekara biyu a ga tsawonta ya ragu, doro ya fito. Sau da yawa karaya ce, sai dai ba irin wadda ake kai wa mai ɗori ba. Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere, ɗaya bisa ɗaya, cikin kowace kamar soso. Idan ciwon zaizayar ƙashi ya rarake cikin, musamman ga mace bayan ta daina al'ada, sai gaɓar ta lotsa a ƙarƙashin nauyin jiki, kamar azarar da gara ta ci.

A 1984, a asibitin birnin Amiens na Faransa, likitoci biyu, Pierre Galibert da Hervé Deramond, suka ɗura siminti a cikin ƙashin wuyan wata mata da ƙari ya cinye, ciwonta kuwa ya lafa. Kada wani ya tuna buhun da ake gini da shi. Wani nau'in roba ne, gari da ruwa, da ake kwaɓawa ya yi kauri kamar man goge baki, ya daskare cikin mintuna yana fitar da zafi. Da irinsa John Charnley ya riƙa kafa ƙugun roba da ƙarfe a Ingila tun shekarun 1960. Daga baya aka karkata da dabarar zuwa karayar tsofaffi, ta bazu a Amurka a shekarun 1990.

Aikin kansa ba shi da tsawo. Majiyyaciya ta kwanta rub da ciki, a kashe wurin da allura, likita ya tura allura mai kauri har cikin gaɓar yana kallon hoto a allo, ya ɗura abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Ɗakin ya game da wari mai hawa kai. Ku riƙe wannan warin, zan dawo kansa. Wadda aka shigo da ita a kan gado, washegari a gan ta tana takawa zuwa banɗaki. Likitoci suka ce simintin ya riƙe tsagin ya daina motsi, wasu suka ce zafinsa ne ya ƙone jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Shekara da shekaru kusan babu mai ja, don gani ya kori ji.

Sai watan Agusta na 2009. Mujallar New England Journal of Medicine ta buga bincike biyu a fitowa ɗaya: na Rachelle Buchbinder a Ostireliya da mutum 78, da na David Kallmes na asibitin Mayo a Amurka da mutum 131. Aka raba marasa lafiya biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ɗura musu siminti, rabi aka yi musu aikin gangan da yardarsu: aka kwantar da su, aka yi allurar kashe wuri, aka danna baya, har aka buɗe sinadarin don warin ya cika ɗaki, amma ba a ɗura komai ba. A binciken Kallmes, ciwon da ya fara a wajen 7 cikin 10 ya sauka zuwa 3.9 ga masu siminti bayan wata guda, ga na gangan kuwa 4.6. Tazarar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Shekara na zagayowa ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ba da shawarar a bar aikin.

To daga ina sauƙin ya zo? Marasa lafiyar ba ƙarya suka yi ba. Wani ɓangare daga allurar kashe wuri ne, wani daga sa rai da kulawa, don mutum yana jin an yi masa babban abu. Babban kason kuwa na lokaci ne. Irin wannan karaya kan haɗe da kanta cikin wata biyu zuwa uku. Wani bincike da aka yi a Holan, aka buga a 2010, ya nuna haka ba da niyya ba: fiye da rabin mutanen da suka cancanci shiga sun samu sauƙi tun ana tantance su, kafin allura ta taɓa su. Da an yi musu aikin a makon farko, da siminti ya kwashe yabon. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Masu yin aikin ba su yi shiru ba, kuma ina ganin suna da magana. Suka ce binciken 2009 ya ɗebi mutanen da karayarsu ta kai wata da watanni, har zuwa shekara, ƙashin ya riga ya kama, me siminti zai riƙe? William Clark da abokansa a Sidni suka sake gwaji da mutum 120, duk karayar ba ta kai sati shida ba, ciwon ya kai 7 ko fiye, fiye da rabinsu a kwance a asibiti. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2016: bayan kwana 14, kashi 44 cikin ɗari na masu siminti ciwonsu ya sauka ƙasa da 4, a ɓangaren gangan kashi 21. Amma a 2018 wani gwajin na Holan da mutum 180 bai ga bambanci ba. Har yau ana kai ruwa rana.

Ga inda na tsaya. Dattijuwar da karayarta sabuwa ce, hoton MRI ya nuna kumburi a daidai gaɓar da take ihu idan an danna, magani ya kasa, ta kasa tashi, wannan zan yarda a yi mata. Kwanciyar kanta hatsari ce ga tsoho: ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa, gyambon gado. Wadda take takawa, ciwon yana raguwa mako bayan mako, a bar mata bayanta. Simintin yakan tsiyaya waje; galibi ba ya yin komai, amma wani lokaci ya danne laka, ko ya bi jijiyar jini zuwa huhu.

Ma'aikatan lafiya da ɗalibai, ku ƙara wannan. A ƙasarmu ba kowace gaɓa da ta lotsa ce zaizayar tsufa ba. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, haka kansar mama da ta mafitsara idan sun bazu. Ɗura siminti a inda ƙwayar cuta ke zaune ɓarna ce. Ku kuma tambayi abin da mutum ke sha. Dekzametazon da ake saye a kemis don ciwon gaɓoɓi ko neman ƙiba yana rarake ƙashi, har na matashiya.

Saura gaɓoɓin da ba a ɗura wa komai ba, waɗanda gara ke ci gaba da ci. Kusan mace ɗaya cikin biyar da ta samu wannan karaya za ta sake samun wata cikin shekara guda idan ba a magance ciwon zaizayar ƙashin ba. Akwai alendironet, ƙwaya ɗaya a mako, ana sha da safe kafin a ci komai da cikakken kofin ruwa, a zauna a miƙe rabin awa. Akwai zoledironet, ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. A haɗa da kalsiyam da bitamin D, da tafiya a ƙasa, da fitila a hanyar banɗaki. Duk wadda za a sallama bayan wannan karaya, da siminti ko babu, a duba takardar maganinta kafin ta sa takalmi.