Karin Kumallo a Kwano Ɗaya

Jawabin da wani dattijon ikilisiya ya yi a taron ma'aurata

An ce in yi magana a kan zaman aure, ni kuwa na zo da maganar koko da ƙosai. Na ga wasu suna murmushi. Ku ba ni hankalinku tukuna.

Mu buɗe Bisharar Yohanna sura 21. Bayan tashin Ubangiji daga matattu, Bitrus da almajirai shida suka tafi kamun kifi a tekun Tibariya, suka kwana ba su sami kome ba. Da gari ya waye, Yesu ya sa suka jefa taru a hannun dama, suka jawo manyan kifi 153. Da suka fito gaɓa, sai suka tarar ya riga ya hura wutar gawayi, ga kifi a kai, ga gurasa.

Ku tuna akwai magana a ƙasa tsakaninsa da Bitrus. A sura 18, Bitrus ya yi musun saninsa har sau uku, a daren da ya tsaya jin ɗumin wutar gawayi a gidan babban firist. Da ni ne aka yi wa haka, da kafin Bitrus ya matse rigarsa na fara yi masa tuni. Ubangiji bai yi haka ba. Ya ciyar da shi tukuna. Sai a aya ta 15, bayan sun gama ci, ya tambaye shi maganar ƙauna, ya kuma danƙa masa kiwon tumakinsa.

To, mu dawo gida. Yawancinmu mun tashi mun ga ana kai wa maigida nasa kwano a zaure, uwargida kuwa sai ta sallami kowa sa'an nan ta ci, wani lokaci a tsaye a bakin murhu. Ba na zagin iyayenmu. Su ai a gida ɗaya da gona ɗaya suke wuni. Mu fa? Maigida ya fita da sassafe, ya karya a wurin mai shayi. Uwargida ta wuce kasuwa ko makaranta. Da dare kowa ya dawo a gajiye, ya rungumi waya.

Wasu ma'aurata sun taɓa zuwa gabanmu dattawa a kan kuɗin makarantar yara. Mako uku ba sa magana, sai aike: "Je ka faɗa wa babanka." Da muka ji ta bakin kowa, sai na tambaye su yaushe rabon da su ci abinci tare. Maigidan ya yi shiru, matar ta ce, "Baba, tun ranar bikinmu." Gabana ya faɗi, domin ni ma da za a yi mini wannan tambaya a ranar, da na sunkuyar da kai. Muka ce su je su yi wata guda suna karyawa a tabarma ɗaya. Daga baya ta gaya wa uwargidana cewa a makon farko ba a jin kome sai ƙarar ludayi. Amma dole wani ya yi addu'a a kan abincin, kuma da wuya mutum ya ce Amin ga addu'ar wanda yake gaba da shi kwana bakwai a jere, zuciyarsa ba ta motsa ba. Bashin bai ɓace ba, amma su biyu suka zauna suka raba yadda za su biya shi.

Me ya sa na ce da safe? Da dare mutum ya kwaso ɓacin ran hanya da na wurin aiki. Da safe kuwa ba a riga an ɓata wa kowa rai ba, kuma a lokacin ne ake shirya yini: wa zai kai yaro asibiti, nawa ne kuɗin cefane. Ga kuma 'ya'yanmu. A garuruwa da yawa mu kaɗan ne, majami'a da nisa, sujada sau ɗaya ko biyu a mako. 'Ya'yan maƙwabtanmu Musulmi suna ganin iyayensu suna tashi sallar asuba kullum. Namu me suke gani? Aya biyu daga Littafi Mai Tsarki da gajeruwar addu'a kafin koko ya huce, ba za su ci minti biyar ba.

Wani zai ce abinci ya yi tsada. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 mun ji jiki. Ai ɗumamen tuwon jiya ma ya isa. Ku kuma maza 'yan'uwana, kada ku je gida ku ce dattijo ya ƙara wa mata aiki. A Yohanna 21, wa ya hura wutar? Ka ɗebo ruwa, ka shirya yara, domin ita ma ta sami zama.

Abu ɗaya kuma: inda ake duka, koko ba ya maganinsa. 'Yar'uwa, kada ki ɓoye, ki kawo wa fasto da dattawa yau ɗin nan. Mu tashi mu yi addu'a.